Yadda Ake Tantance Babbar Lamba: Aiki a Kan 720,720 da Maƙwabciyarta

Idan aka miƙo maka lamba mai alƙaluma shida aka ce ka faɗi ko wace iri ce, girmanta ba zai gaya maka komai ba. Tsakanin 720,720 da 720,719 ɗaya ce kawai, amma ta farko lambobi 240 ne ke raba ta ba saura, ta biyun kuwa 8 kacal. Ba a gane wannan da kallo. Sai an farfasa lambar an ga abin da aka gina ta da shi, daga nan kusan duk sauran siffofinta suna fitowa ba wahala. Da waɗannan lambobi biyu za mu yi aikin, don ka ga hanyar a kan mai sauƙin kai da kuma mai taurin kai.

Abin da kake buƙata: takarda, biro, kalkuletar wayarka, da jerin lambobin da 'yan makaranta ke kira firam, wato waɗanda babu mai raba su sai 1 da su kansu. Ga na ƙasa da 100, su 25 ne: 2, 3, 5, 7, 11, 13, 17, 19, 23, 29, 31, 37, 41, 43, 47, 53, 59, 61, 67, 71, 73, 79, 83, 89, 97. Rubuta su a gefen takardar. Lamba 1 ba ta cikinsu.

Mataki na 1: Rubuta lambar daidai, ka nemo iyakar bincike

Rubuta ta da alƙaluma, ka raba su uku-uku daga dama. Idan da baki aka faɗa maka, ka sa a maimaita, domin "dubu ɗari bakwai da ashirin" wani zai rubuta 720,000, wani 700,020. Haka kuma wanda ya yi karatu a Nijar ko Kamaru a tsarin Faransanci yakan bar fili ko ya sa ɗigo a inda ɗan Nijeriya ke sa waƙafi, waƙafin kuma a wurinsa alamar gutsure ce. A daidaita wannan tun farko.

Sai ka nemo saiwar lambar, wato wace lamba ce idan aka ninka ta da kanta za ta kai kusa da ita. 848 × 848 = 719,104, sannan 849 × 849 = 720,801. Lambobinmu biyu suna tsakanin nan. Amfanin wannan shi ne, idan lamba tana rabuwa gida biyu, dole ɗayan gidan bai wuce saiwarta ba, don in duka biyun sun wuce, ninkinsu zai zarce lambar. Ke nan ba za ka taɓa gwada abin da ya haura 848 ba. Firam 146 ne ke ƙasa da nan. In an yi rashin sa'a, iyakar wahalarka ke nan.

Mataki na 2: Duba wutsiyarta da jimlar alƙalumanta

Kafin ka taɓa kalkuleta, akwai abubuwan da ido ke iya gani.

Alƙalamin ƙarshe shi ke faɗin ko lamba cika ce ko mara, shafa'i ko wutiri. In ya kasance 0, 2, 4, 6 ko 8, cika ce, 2 na raba ta. In 0 ne ko 5, to 5 na raba ta. Don 4, ka dubi alƙaluma biyu na ƙarshe. Don 8, uku na ƙarshe. Don 16, huɗu na ƙarshe. A 720,720 wutsiyar 20 ce, 4 na raba ta. 720 ÷ 8 = 90. Huɗun ƙarshe 0720 ne, 720 ÷ 16 = 45. Ya zuwa nan duk ta tsallake. A kan 32 ta tsaya, saboda 20,720 ÷ 32 ba ya fita daidai.

Don 3 da 9, tara alƙaluman: 7 + 2 + 0 + 7 + 2 + 0 = 18. Tun da 9 na raba 18, to 9 na raba lambar, 3 ma haka.

Don 11, ana tarawa ana ɗebewa bi da bi: 7 − 2 + 0 − 7 + 2 − 0 = 0. In sakamakon ya zama 0 ko wata lamba da 11 ke rabawa, an dace.

Akwai wata dabara da ba a cika koyarwa a aji ba, alhali ta fi waɗancan rage aiki. 7 × 11 × 13 = 1,001. Saboda haka, a lamba mai alƙaluma shida, ɗauki ukun farko da ukun ƙarshe ka ɗebe ƙaramin daga babban. Duk wanda ya raba sakamakon cikin 7, 11 da 13, yana raba ainihin lambar. A nan 720 − 720 = 0, duka ukun sun shiga a lokaci guda. Wannan ne ya sa duk lambar da aka maimaita alƙaluma uku a cikinta, irin 123,123 ko 958,958, 7 da 11 da 13 suna raba ta. Yara na ɗaukarsa siddabaru in ka yi musu.

Maƙwabciyar fa? 720,719 ta ƙare da 9, mara ce, 5 ba ta raba ta. Jimlar alƙalumanta 26, babu 3. 720 − 719 = 1, babu 7, babu 11, babu 13. A gaskiya ba sai ka gwada ko ɗaya ba: lambobi biyu da ke jere da juna ba su taɓa haɗa mai rabawa, ban da 1.

Mataki na 3: Farfasa ta zuwa firam

Nan ne ainihin aikin. Ka fara da firam mafi ƙanƙanta, ka yi ta rabawa da shi har ya ƙi, sannan ka matsa na gaba. Kada ka yi tsalle, kada ka bar firam sai ka tabbatar ya daina shiga.

720,720 ÷ 2 = 360,360
360,360 ÷ 2 = 180,180
180,180 ÷ 2 = 90,090
90,090 ÷ 2 = 45,045
45,045 ÷ 3 = 15,015
15,015 ÷ 3 = 5,005
5,005 ÷ 5 = 1,001
1,001 ÷ 7 = 143
143 ÷ 11 = 13

13 firam ce, aiki ya ƙare. Don haka 720,720 = 2 × 2 × 2 × 2 × 3 × 3 × 5 × 7 × 11 × 13. A taƙaice ana rubuta 2⁴ × 3² × 5 × 7 × 11 × 13. Ɗan ƙaramin alƙalamin da ke sama shi za mu riƙa kira hawa: 2 na da hawa 4, 3 na da hawa 2, sauran hawa ɗai-ɗai.

Ko ta ina ka faro, amsar da za ka samu ita ce wannan. Da ka fara da 13 ka gangaro, firam ɗin nan dai za su fito, kowanne da hawansa. Kowace lamba da ta wuce 1 hanya ɗaya tak take farfashewa. Tushen wannan hujja yana cikin littafin Yuklid na Iskandariyya tun wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma Carl Friedrich Gauss ya kafa ta a cike a 1801. Shi ya sa layin nan guda ya zama shaidar lambar wadda ba ta canzawa.

Mataki na 4: Idan lambar ta yi taurin kai

720,719 ba ta ba da ƙofa ko ɗaya a mataki na 2 ba. Mai gaggawa zai ce firam ce. Kada ka faɗa tukuna. Daga 17 za ka ci gaba, kana rubuta saura kowane lokaci:

÷ 17, saura 4
÷ 19, saura 11
÷ 23, saura 14
÷ 29, saura 11
÷ 31, saura 0, ta ba da 23,249

In kalkuletarka ba ta nuna saura, ba komai: duk amsar da ta zo da alƙaluma bayan ɗigo, ba ta rabu ba.

Yanzu ka manta da babbar lambar, 23,249 ce a gabanka. Abubuwa biyu suna sauƙaƙa maka. Na farko, iyakar bincike ta sauko, domin 152 × 152 = 23,104 kuma 153 × 153 = 23,409, ba za ka wuce 152 ba. Na biyu, ba ka komawa baya. Firam ɗin da ya kasa raba uwar ba zai raba 'yar ba. Amma 31 da ya shiga, sake gwada shi, don yana iya shiga sau biyu. A nan saura 30, bai shiga ba. Ci gaba: 37 saura 13, 41 saura 2, 43 saura 29, 47 saura 31, 53 saura 35, 59 saura 3, 61 saura 8. A kan 67 ta buɗe: 23,249 ÷ 67 = 347.

Saura 347. Tun da 19 × 19 = 361 ya riga ya wuce ta, kuma mun san duk firam da ke ƙasa da 19 ba su shiga, 347 firam ce. Don haka 720,719 = 31 × 67 × 347.

Tabbatar da amsar kafin ka gina komai a kanta. Ninka su ka gani: 31 × 67 = 2,077, sannan 2,077 × 347 = 720,719. In babu kalkuleta a kusa, yi tsohuwar dabarar zubar da tara. Tara alƙaluman kowace lamba har su koma guda: 31 ta zama 4, 67 ta zama 13 sannan 4, 347 ta zama 14 sannan 5. Ninka su, 4 × 4 × 5 = 80, ta koma 8. Ita ma 720,719 jimlarta 26, ta koma 8. Sun yi daidai. Wannan gwaji yana kama yawancin kurakurai, sai dai ba ya kama alƙaluma biyu da aka sauya wa wuri, 347 da 374 duk ɗaya suke a wurinsa.

Tun a nan an samu rabe-raben farko. Dukansu biyu haɗaɗɗu ne, ba firam ba. 720,719 ninkin firam uku ce mabambanta, babu wanda ya maimaitu, don haka babu wani murabba'i da ke raba ta in ban da 1 (murabba'i shi ne abin da ake samu idan aka ninka lamba da kanta). Ita kuwa 720,720, murabba'ai irin 4, 9, 16, 36 da 144 duk suna raba ta.

Mataki na 5: Ƙirga masu raba ta ba tare da ka jera su ba

Kada ka zauna kana lissafo su ɗaya bayan ɗaya, za ka tsallake wasu. Ƙara 1 a kan kowane hawa, ka ninka sakamakon.

720,720: hawan su ne 4, 2, 1, 1, 1, 1. Sun zama 5 × 3 × 2 × 2 × 2 × 2 = 240.
720,719: hawan 1, 1, 1. Sun zama 2 × 2 × 2 = 8.

Dalilin ƙara 1 mai sauƙi ne. Duk mai raba 720,720 daga cikin firam ɗinta aka haɗa shi. Wajen 2, kana da zaɓi biyar: kar ka ɗauka ko ɗaya, ko ka ɗauki ɗaya, biyu, uku, ko huɗu. Wajen 3 zaɓi uku. Wajen 5, ko ka ɗauka ko ka bari. Kowane haɗi na ba da mai rabawa daban. Takwas ɗin 720,719 ana iya jera su a layi guda: 1, 31, 67, 347, 2,077, 10,757, 23,249 da ita kanta.

240 ba ƙaramin abu ba ne. Babu wata lamba ƙasa da 720,720 da ke da masu rabawa da suka kai haka. Wadda ta riƙe kambun kafin ita, 665,280, tana da 224. Babu kuma wadda ta zarce 240 sai an tsallake miliyan, a kan 1,081,080 mai 256, ko da yake wasu kamar 831,600 da 997,920 sun yi kunnen doki da ita. Irin waɗannan lambobi da ke karya tarihin duk na ƙasa da su, Srinivasa Ramanujan ɗan Indiya ya yi dogon nazari a kansu a 1915. Jerinsu ya faro da 1, 2, 4, 6, 12, 24, 36, 48, 60, 120, 180, 240, 360. In ka lura, lambobin da mutane suka daɗe suna aiki da su ne: dozin 12, awa 24, minti 60, digiri 360. Malaman rabon gado ma sun san zancen, domin kason da aka ƙayyade, rabi, rubu'i, sumuni, sulusi, sulusi biyu da sudusi, duk suna fita daidai daga 24.

Akwai alamar da za ka gane irin wannan lamba da ita. Firam ɗinta sukan zo a jere daga 2 ba giɓi, hawansu kuma ba ya ƙaruwa yayin da ake gaba: 4, 2, 1, 1, 1, 1. Wannan sharaɗi ne, amma shi kaɗai bai isa hujja ba. 30,030 = 2 × 3 × 5 × 7 × 11 × 13 ta cika shi, amma masu raba ta 64 ne kawai, alhali 27,720 da ke ƙasa da ita tana da 96.

Wata siffar kuma: 720,720 ita ce lamba mafi ƙanƙanta da duk lambobi daga 1 zuwa 16 ke rabawa. In kana da naira 720,720, ko mutum biyu ne, ko bakwai, ko goma sha uku, ko goma sha shida, kowa zai karɓi kasonsa ba neman canji. Mutum na goma sha bakwai ne zai ɓata rabon, naira 5 za ta yi saura. Don ka gwada wannan da kanka, ɗauki mafi girman hawan kowane firam da bai wuce 16 ba: 16, 9, 5, 7, 11, 13. Ninka su, ita za ka samu.

Mataki na 6: Tara masu raba ta

Nan ma ba a jerawa. Ga kowane firam, tara hawansa tun daga 1, sannan ka ninka jimlolin.

Na 2: 1 + 2 + 4 + 8 + 16 = 31
Na 3: 1 + 3 + 9 = 13
Na 5, 7, 11 da 13: 6, 8, 12 da 14

31 × 13 × 6 × 8 × 12 × 14 = 3,249,792. Wannan jimla ta haɗa da lambar kanta, sai ka cire ta: 3,249,792 − 720,720 = 2,529,072. Cirewar nan ita ce wurin da aka fi yin tuntuɓe. Wanda ya manta da ita, kowace lamba za ta fito masa da rara.

Yanzu kwatanta abin da ya rage da ainihin lambar. In ya fi ta, lambar mai yalwa ce. In bai kai ta ba, mai gibi ce. In sun yi daidai, kammalalliya ce. Wannan rabo na gida uku tsoho ne, yana cikin rubutun Nikomakus na Jarash tun wajen shekara ta 100 miladiyya. 720,720 mai yalwa ce ƙwarai, abin da ya rage ya ninka ta fiye da sau uku da rabi. A wurin 720,719 kuwa, 32 × 68 × 348 = 757,248, a cire ta saura 36,529. Mai gibi ce, gibi mai zurfi.

Kada ka sa ran cin karo da kammalalliya. Na farkonsu su ne 6, 28, 496 da 8,128, daga nan sai 33,550,336. Babu ko ɗaya mai alƙaluma biyar, shida ko bakwai. Duk waɗanda aka sani cika ne, kuma har yau ba wanda ya samo ta mara ko ya tabbatar babu ita.

In kana da sha'awa, ɗauki abin da ya rage ɗin ka sake yi masa wannan lissafi. Idan ya dawo da kai kan lambar farko, ka samu aminan juna. Masu raba 220 suna taruwa su ba da 284, na 284 su ba da 220. Sabit bin Ƙurra ya fitar da ƙa'idar samo irinsu a Bagadaza a ƙarni na 9.

Daga farfasawar nan dai ake gane lambobi nawa ne ƙasa da ita ba su haɗa wani mai rabawa da ita ba. Shi ne ƙidayar da ake jingina wa Leonhard Euler. Ga firam mai hawa ɗaya, ɗebe masa 1. Ga mai hawa da yawa, ɗebe hawan da ke ƙasa da shi: 16 − 8 = 8, 9 − 3 = 6. Na 720,720 ya zama 8 × 6 × 4 × 6 × 10 × 12 = 138,240, bai kai kashi 20 cikin ɗari ba. Na 720,719 ya zama 30 × 66 × 346 = 685,080, kashi 95 cikin ɗari.

Mataki na 7: Murabba'i, dala da jerin lambobi

Shin murabba'i ce? Lamba na zama murabba'i ne kawai idan duk hawanta cika ne. Dukansu biyu sun faɗi, kuma mun riga mun ga sun maƙale tsakanin 848² da 849².

Shin ana iya jera ta kamar dala, ɗaya a sama, biyu a ƙasa, uku, haka har ƙasa? Ninka ta da 8 ka ƙara 1. In sakamakon murabba'i ne, ana iyawa. 8 × 720,720 + 1 = 5,765,761, wanda ke tsakanin 2,401² = 5,764,801 da 2,402² = 5,769,604. Ba ta shiga ba. Mafi kusa da ita ita ce 720,600, jimlar lambobi daga 1 zuwa 1,200.

Tambayar da ta fi daɗi ita ce murabba'ai nawa za a tara a same ta. Don biyu su isa, nemo firam ɗinta da ke barin saura 3 idan aka raba su da 4. Dole kowannensu ya zo da hawa cika. A 720,720, 3 ya zo da hawa 2, lafiya lau, amma 7 da 11 hawa ɗai-ɗai ne. Biyu ba za su isa ba, kada ka ɓata lokacin nema. Don uku, yi ta raba lambar da 4 har ta ƙi, sannan ka raba abin da ya rage da 8. In saura ya zama 7, uku ba za su isa ba. In wani abu ne daban, za su isa. 720,720 ta sauko 45,045, saura 5, ta tsira. Nemo su ba wuya: cire 848² saura 1,616, wato 1,600 da 16. Ke nan 720,720 = 848² + 40² + 4².

720,719 kuwa saurarta 7 ne cif. Sai da huɗu. Joseph-Louis Lagrange ya tabbatar a 1770 cewa huɗu na isar kowace lamba. In ka fara da 848² za ka maƙale, don 1,615 da ya rage shi ma saurarsa 7. Sauko 847² = 717,409, saura 3,310. Cire 57² = 3,249, saura 61, wato 36 da 25. Don haka 720,719 = 847² + 57² + 6² + 5².

Sai rubuta ta a matsayin jimlar lambobi masu bin juna. Ƙirga masu raba ta da suke mara, ka cire 1. A 720,720 ka ajiye 2⁴ gefe, ya rage 3 × 2 × 2 × 2 × 2 = 48, hanyoyi 47 ke nan, ɗaya daga ciki 240,239 + 240,240 + 240,241. A 720,719 hanyoyi 7 ne, mafi gajarta 360,359 + 360,360.

Mataki na 8: Siffofin da suka dogara da yadda aka rubuta ta

Waɗannan ban ba su nauyi sosai ba, domin da a ce ba da goma-goma muke ƙirga ba, da sun canza. Amma ana yawan tambayarsu. Idan jimlar alƙaluman lamba tana raba ta, ana kiranta Harshad, sunan da D. R. Kaprekar, wani malamin makaranta a Indiya, ya ba su. 720,720 ÷ 18 = 40,040, ta shiga. 720,719 ba ta shiga ba, 26 cika ce, ba za ta raba mara ba. Babu kuma wadda ake karantawa daidai ta gaba da ta baya.

Don mayar da ita tsarin 0 da 1 na kwamfuta, yi ta raba ta da 2 kana rubuta saura, sannan ka karanta sauran daga ƙasa zuwa sama. 720,720 ta zama 10101111111101010000, alƙaluma 20. Sifili huɗun da ke wutsiya su ne 2⁴ ɗin da muka gani a mataki na 3.

Mataki na 9: Idan ta fi ƙarfin takarda

Gwajin firam ɗaya bayan ɗaya yana aiki har wajen alƙaluma bakwai ko takwas ga mai haƙuri. Bayan nan sai dabara. Idan kana zaton lambar ninkin wasu biyu ce masu kusanci da juna, bi hanyar Pierre de Fermat. Ɗauki lamba ta farko da ke sama da saiwar, ninka ta da kanta, cire lambarka, ka duba ko abin da ya rage murabba'i ne. In ba shi ba ne, matsa gaba da ɗaya. Misalin da shi kansa ya bayar wajen 1643 shi ne 2,027,651,281. An fara da 45,030, ya rage 49,619. Ba murabba'i ba ne, domin murabba'in da ya ƙare da 9 alƙalamin da ke gabansa cika ne kullum, kamar 49, 169, 289. A gwaji na 12, kan 45,041, ya rage 1,040,400, wato 1,020². Ɗebe ka kuma tara: 45,041 − 1,020 = 44,021, da 45,041 + 1,020 = 46,061. Su ne gidajen biyu. Da ta hanyar gwajin firam ne, sai ka bi dubbai kafin ka iso 44,021. Amma hanyar ba ta kowace lamba ba ce. A kan 720,719 sai ka yi gwaji 364, daga 849 zuwa 1,212, kafin 347 × 2,077 su fito, alhali hanyar farko ta kama 31 a gwaji na biyar.

Akwai kuma gwajin da ke nuna lamba ba firam ba ce ba tare da an farfasa ta ba. Idan n firam ce mara, 2 mai hawa n − 1 yana barin saura 1 in aka raba shi da n. In sauran ya zama wani abu daban, tabbas haɗaɗɗiya ce. In ya zama 1, kada ka rantse. 341 tana tsallake wannan gwaji alhali 11 × 31 ce, kuma 561 = 3 × 11 × 17 tana tsallake shi ko da an maye gurbin 2 da kowace lamba da ba ta haɗa mai rabawa da ita ba. Shi kansa Fermat ya ɗauka 4,294,967,297 firam ce, sai a 1732 Euler ya nuna 641 × 6,700,417 ce.

Wajen amfani da na'ura, ka kula da abu ɗaya. Excel alƙaluma 15 kawai yake riƙewa, abin da ya wuce nan yana mayar da shi sifili ba tare da ya sanar da kai ba, kuma kalkuletoci da yawa suna da irin wannan iyaka. Don lamba mai tsawo, rubuta ta a shafin intanet na WolframAlpha, ko ka yi amfani da umarnin factor a kwamfuta mai Linux. Don sanin jerin da lamba ta faɗa ciki, akwai rumbun jerin lambobi na intanet mai suna OEIS wanda Neil Sloane ya fara tarawa a 1964. Su ma na'urorin suna da inda suke tsayawa. Tabbatar da cewa lamba firam ce ya fi farfasa ta sauƙi nesa ba kusa ba: a Oktoba 2024 an gano firam mai alƙaluma 41,024,320, wato 2 mai hawa 136,279,841 a cire 1, amma lambar RSA-250 mai alƙaluma 250 kacal, wadda ninkin firam biyu ce, sai a Fabrairu 2020 aka iya farfasa ta, bayan aikin da ya kai kimanin shekara 2,700 in da ƙwaƙwalwar kwamfuta guda ce ta yi shi.